Tomas Sankara da taken ƙasarmu

Kowace safiya, kafin mu shiga aji, mukan tsaya gaban tuta mu rera taken ƙasa. Ko kun san mutumin da ya kawo mana wannan take?

An haifi Tomas Sankara a garin Yako, arewa da Wagadugu, ran 21 ga Disamba 1949. Mahaifinsa jandarma ne. Ya yi ƙuruciyarsa a Gawa, ya yi karatu a Bobo Julaso, sannan ya shiga makarantar soja ta Wagadugu a 1966. Daga nan aka tura shi Madagaska ya ƙaro ilimi. Soja ne, amma yana son kiɗa ƙwarai. Ya iya kaɗa jita, har yakan yi wasa tare da wasu makaɗa a nan birnin.

A daren 4 ga Agusta 1983 ya hau mulki. Lokacin nan ana kiran ƙasar Hot-Volta, sunan da Faransawa suka laƙaba mata. Da shekara ta zagayo, a 1984, sai ya sake mata suna da tuta da take. Burkina kalmar Mosanci ce, wato mutane masu mutunci. Faso kuwa Julanci ne, wato gidan uba. Shi kuma taken aka kira shi Ditanye, waƙar nasara ke nan da harshen Lobi. Kun ga, ba a bar wa ƙabila ɗaya komai ba.

Da Sankara ake danganta baitocin. Suna tuna wulaƙancin da kakanninmu suka sha a hannun ƴan mulkin mallaka, da waɗanda suka ƙi sunkuyawa. Dare ɗayan nan da muke ta maimaitawa, daren 4 ga Agusta ne.

Sankara bai tara dukiya ba. Ya sayar da manyan motocin gwamnati, ministoci suka koma shiga ƙanana. A zamaninsa an yi wa yara wajen miliyan biyu rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara. Amma mulkinsa na da zafi, don an kori malaman makaranta da yawa da suka yi yajin aiki.

Ran 15 ga Oktoba 1987 sojoji suka harbe shi tare da mutum goma sha biyu. A 2022 kotu ta yanke wa Bilez Kwampawore, wanda ya gaje shi, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Shugabanni sun zo sun wuce, amma babu wanda ya sake taken.