Sydney Allard, bakaniken Landan da ya ɗora wa ƙaramar mota injin Cadillac

Duk wanda ya saba zama garejojin Birnin Konni ya san wannan ciniki: injin mota ya gaji, sai mai ita ya sa a nemo masa wani da ya fi na asali girma, don ya ƙara lodi ya kuma rage daɗewa bisa hanya. Wannan dabara ta girmi kanikawanmu. Mutumin da ya fi kowa yin suna da ita a Turai shi ne Sydney Allard, wani Bature ɗan Ingila da ya rasu tun 1966, kuma tarihinsa cike yake da kofunan tsere da haƙoran giya da suka kakkarye.

An haifi Allard a Landan ranar 19 ga watan Yuni na 1910. Mahaifinsa maginin gidaje ne mai hali, amma ɗan bai bi sana'ar gida ba, gareji ya shiga. Yana da shekara 19 ya fara tsere da wata Morgan mai ƙafa uku, daga baya ya riƙe wani gareji mai suna Adlards, wanda ya zama dillalin motocin Ford. A 1936 ya haɗa motarsa ta farko: ƙashin wata Ford mai injin V8, ya ɗora mata gangar jikin tsohuwar Bugatti ta tsere. Da ita ya riƙa shiga gasar hawan tudu cikin laka, yana cinyewa, har abokai suka fara roƙon ya haɗa musu irinta.

Lokacin yaƙin duniya na biyu garejinsa ya koma gyaran motocin soja ƙirar Ford. Da yaƙi ya ƙare yana da ma'aikata, yana da tarin kayan gyara, sai ya buɗe kamfanin ƙera motoci mai sunansa a unguwar Clapham. Kusan komai na cikin motocin daga Ford yake: inji, kuloci, akwatin giya. Wannan ya sa gyaransu ba wuya, ko'ina mutum ya tsaya zai samu kaya. A 1949 ya zama zakaran hawan tudu na Birtaniya da wata mota da ya sa wa injin Steyr, irin wanda ke cikin motocin sojan Jamus, mai sanyaya kansa da iska ba da ruwa ba.

A wannan shekarar ce kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da sabon inji V8 mai lita 5,4 da ƙarfin doki 160. Tsohon V8 na Ford da Allard ya saba da shi doki 85 ne. Birtaniya a lokacin ba ta da dalar sayo injuna daga waje, gwamnati kuma masu sayar da kaya ƙetare take bai wa ƙarfe. Sai Allard ya ƙera wata ƙaramar mota mai kujera biyu, J2, yana aika ta Amurka babu inji, can a zuba mata Cadillac ko wani makamancinsa. Injin da aka yi don jan ƙatuwar motar alfarma ya samu kansa cikin wadda nauyinta bai wuce kusan rabin waccan ba. Gudu kam ba a magana.

Matsalar tana bayan injin. Ƙarfin da inji ke fitarwa murɗawa ce, kuma kafin ta kai ga taya sai ta ratsa kuloci, ta shiga akwatin giya, wanda kanikawan wajenmu ke ce wa bwat, ta bi doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota, sannan ta isa gatarin baya, wato pon. Kowane ɗaya daga cikinsu an auna kaurinsa ne daidai da injin da aka haife shi da shi. Allard ya kula da gatarin: ya sa wa J2 tsarin da ake kira de Dion, inda ake ɗaure kaskon haƙoran baya a jikin ƙashin mota maimakon ya riƙa tsalle tare da tayoyi. Amma akwatin giya ya bar na Ford mai giya uku, wanda aka yi wa inji mai rabin wannan ƙarfi.

Sakamakon ya fito fili a Faransa, a tseren awa 24 na Le Mans na watan Yuni 1950. Allard ya shiga da J2 mai injin Cadillac, shi da abokin tuƙinsa Tom Cole. Ana cikin tsere giya ta ɗaya da ta biyu suka tafi, saura ta uku kaɗai. Haka suka yi awoyi suna zagaye, kuma suka gama na uku, bayan motocin Talbot-Lago biyu na Faransa, wadda ta zo ta ɗaya Louis Rosier ne da ɗansa a cikinta.

Yana da kyau a tsaya a ga dalilin da ya sa ta uku ta tsira, don nan ne darasin kanikanci yake. A irin wannan akwati, ƙananan giyoyi suna ninka murɗawar inji ta hanyar haƙoran da ke cizon juna, kuma duk nauyin yana sauka bisa ƴan haƙoran da suka haɗu a daidai wannan lokaci. Giya ta sama kuwa ba ta bi ta haƙora: sandar shiga da ta fita ake kullewa su zama ɗaya, ƙarfi ya wuce kai tsaye. Shi ya sa motar da aka ƙara wa inji ba kasafai take karya bwat a tsakiyar gudu bisa kwalta ba. Wurin tashi take karyawa, ko a hawa, ko lokacin da taya ta nutse cikin rairayi direba ya taka wuta ya saki kuloci da ƙarfi. Mai ɗauko albasar Galmi a motar da aka canza wa inji, ko mai bin hanyoyin karkarar Illela da damina, ya fi fuskantar wannan haɗari fiye da mai sheƙa gudu tsakanin Konni da Dogonduci. Kuma abin da ya ceci Allard a ranar shi ne dai abin da ya jawo masa: injin na da murɗawar da za ta iya fitar da mota daga kwana mai tsanani a giya ta uku ba tare da ya mutu ba. Kuloci ne ya sha wahalar, musamman duk lokacin da suka tsaya shan mai suka tashi.

Masu ba da tarihinsa sun fi son wannan labari saboda jarumtar da ke ciki. A ganina babbar nasararsa tana wani wuri. A watan Janairu na 1952 ya tashi daga Glasgow cikin ƙanƙara, tare da Guy Warburton da Tom Lush, ya cinye gasar Monte Carlo da wata Allard P1, motar iyali mai rufi, wadda injinta da akwatin giyarta duk ƴan gidan Ford ne, an yi su don juna. Stirling Moss ne ya zo na biyu. Har yau babu wani da ya ci wannan gasa da motar da ke ɗauke da sunansa. Bai daɗe yana jin daɗin yabo ba, domin ranar 6 ga Fabrairu Sarki George na shida ya rasu, jaridu suka juya can.

A 1953 ya koma Le Mans da sabuwar mota, JR, ita ma da Cadillac. Shi ne a gaba a zagayen farko, gaban su Jaguar da Ferrari. Zagaye kaɗan bayan haka ƙafar baya ta karye ta tsinke bututun birki, ya fita. A wannan tseren ne Tom Cole ya yi hatsari da Ferrari ya rasu.

Daga nan kasuwa ta fara kuɓuce masa. Jaguar da Austin-Healey suna sayar da motocin gudu masu araha, waɗanda aka zana injinsu da giyarsu da birkinsu tare tun daga takarda. Kafin ƙarshen shekarun 1950 kamfanin ya daina ƙera motoci, bayan ya fitar da kimanin 1900. Allard ya koma sayar da na'urorin ƙara wa ƙananan Ford ƙarfi, kuma abin lura shi ne yana sayar da birki mai faifai na ƙari ga Ford Anglia, wato ya fara haɗa ƙarin gudu da ƙarin abin tsayawa.

Mutum biyu da suka ratsa ta wurinsa sun kai dabarar nesa. Zora Arkus-Duntov, wanda ya yi masa aiki ya kuma tuƙa masa mota a Le Mans, ya koma Amurka ya zama babban injiniyan Corvette. Carroll Shelby, wanda ya yi tsere da J2 a ƙuruciyarsa, shi ne a 1962 ya zuba injin V8 na Ford cikin ƙaramar AC Ace ta Ingila aka samu Cobra. A wannan karon an cire kaskon haƙoran baya na asali aka sa wani mai ƙwari na Salisbury, aka kuma haɗa injin da akwatin giya huɗu na Amurka da zai iya ɗaukarsa.

Shi kuwa Allard bai saki manyan injuna ba har ƙarshe. A 1961 ya haɗa wata motar tseren gajeren zango da injin Chrysler, irin wasan da Amurkawa ke yi bisa miƙaƙƙiyar hanya ta kimanin mita 400, kuma a 1964 ya shirya bikin da ya kawo direbobin Amurka Ingila don su nuna shi. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1966 a gidansa da ke Surrey, yana da shekara 55. A shekarar ce kuma gobara ta cinye masana'antar Clapham, tare da wani ɓangare na takardun motocin da ya ƙera.