Modibbo Adama, Mai Tutar Fombina

Kullum in na tashi daga Jimeta zuwa Yola don gwajin koyarwa, sai in tuna da mutumin da ya kafa garin, wato Modibbo Adama, wanda ƙasar Adamawa ta ci sunansa.

An haife shi wajen shekarar 1786, ɗan Arɗo Hassana ne. Ya tafi Barno neman ilmi, ya komo malami, abin da Fulani ke kira Modibbo. Cikin 1809 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba shi tuta don ya shugabanci Fulanin Fombina, wato ƙasar kudu. Ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, sa'an nan cikin 1841 ya kafa Yola.

To, sarautarsa mai wuya ce, gama tsakani yake. A bisansa akwai Sarkin Musulmi a Sakkwato, wanda yake aika wa da gaisuwa. A ƙarƙashinsa kuwa ga sarakunan Rai da Tibati da Ngaundere da Garwa, duka yau suna cikin Kamaru. Kowannensu da takobinsa ya ci ƙasarsa, saboda haka ba ya son a yi masa iko. Buba Njidda na Rai bai cika jin maganar Yola ba. Hamman Sambo na Tibati kuwa tsallake Yola ya yi, ya je Sakkwato ya karɓo tutar kansa wurin Sarkin Musulmi Atiku. Adama bai ja daga ba, sai ya yi niyyar barin sarauta ya tafi Makka. Daga baya aka mai da Tibati ƙarƙashin Yola.

Ya rasu cikin 1847. 'Ya'yansa huɗu suka gaje shi bi da bi, Lawal da Sanda da Zubairu da Bobbo Ahmadu, har 1909.

Amma fa kada mu ɓoye, cikin gaisuwar nan ta Sakkwato akwai bayi, kuma Bata da Camba da yawa sun rasa ƙasarsu. A ajin da nake koyarwa, ɗan Fulani da ɗan Bata benci ɗaya suke zaune. 'Yan'uwana malamai, in mun zo darasin nan sai mu faɗi haƙurin Modibbo, mu kuma faɗi asarar waɗanda aka ci, don kowane yaro ya ji labarin kakanninsa a ciki.