Ayuba Sulaiman Jallo: Malamin Fulani da Aka Sayar a Amurka

 Idan aka ce tarihin kafuwar Amurka, abin da yawancinmu muka riƙe tun daga aji bai wuce shekaru biyu da suna ɗaya ba, wato 1607, lokacin da Turawan Ingila suka kafa mazauninsu na farko mai ɗorewa a Jamestown, da 1776, lokacin da yankuna 13 suka yi shelar ɓallewa daga Ingila, sai kuma George Washington. To, a tsakanin waɗannan shekaru akwai wani bawan Allah da nake son in gabatar muku, wanda da za ku gamu da shi a mararrabar Yashe da rawaninsa da Alƙur'aninsa rataye a wuya, ba za ku ce baƙo ba ne. Sunansa Ayuba Sulaiman Jallo.

An haifi Ayuba wajen shekarar 1701 a ƙasar Bundu, wadda yanzu take cikin gabashin Senegal. Bafulatani ne ɗan gidan malamai, kuma a gaban mahaifinsa, Malam Sulaiman, ya yi karatu har ya haddace Alƙur'ani. Ke nan zamaninsu ɗaya da malaminmu Muhammadu al-Kashinawi wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1741, kuma ya girmi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da fiye da shekara 50.

A farkon 1731 mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya don ya sayar da bayi biyu ya sayo takarda. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, don za mu dawo gare shi. Ciniki bai faɗa ba tsakaninsa da wani Baturen jirgin ruwa mai suna Kyaftin Pike, saboda haka ya haye kogi ya musanya bayin da shanu. A kan hanyar komawa gida sai wasu Mandinka suka far masa shi da tafintansa Lamin, suka aske musu kai da gemu don a ɗauka kamammun yaƙi ne, suka sayar da su ga wannan Kyaftin Pike ɗin. Ayuba ya aika gida a zo a fanshe shi, amma kafin fansa ta iso jirgi ya tashi.

An sauke su a Annapolis, babban birnin yankin Merilan, ɗaya daga cikin yankunan nan 13. Turawan Ingila sun kafa Merilan a 1634, arzikinta kuwa taba ne, kuma noman taba aiki ne mai cin hannu. Da farko talakawan Ingila ake kawowa su yi ƙodago na 'yan shekaru a sallame su, amma tun 1664 Merilan ta kafa dokar da ta mayar da bautar baƙar fata ta har mutuwa, ɗan bawa ma bawa ne. Cikin wannan hali wani manomi mai suna Tolsey, na tsibirin Kent, ya sayi Ayuba ya sa shi gonar taba. Da ya ga jikinsa ba zai iya ba sai ya mai da shi kiwon shanu, aikin da ba a koya wa Bafulatani.

Idan lokacin salla ya yi, Ayuba yakan shiga kurmi ya yi abarsa. Wani yaron Bature ya gano shi, ya riƙa yi masa ba'a yana watsa masa ƙasa a fuska. Abin ya ishe shi, ya gudu, aka kama shi aka tsare. A can ne wani lauya, Thomas Bluett, ya gan shi yana rubutu da Larabci, ya kuma lura an miƙa masa giya ya ƙi sha. Aka samo wani tsohon bawa mai jin Wolof ya yi tafinta, aka san ko shi wane ne. Aka mayar da shi wurin ubangidansa, wanda ya ware masa wurin salla ya kuma bar shi ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa.

Wasiƙar ba ta kai Bundu ba. A Landan ta tsaya, ta faɗa hannun James Oglethorpe, wani babba a kamfanin Ingila mai fataucin bayi da zinariya a Afirka. Ya aika da ita Jami'ar Oksfod aka fassara, abin ya taɓa zuciyarsa, ya ɗauki alkawarin biyan fam 45 a fanso mai ita. A 1733 Ayuba ya iso Ingila tare da Bluett, ya tsinci Turanci a cikin jirgi. Wasu masu hali suka yi karo-karo suka kammala fansarsa.

Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni da ya yi a Ingila, ya taimaki masanin nan Hans Sloane wajen fassara rubuce-rubucen Larabci, ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka, an kai shi fada inda Sarauniya Caroline ta ba shi agogon zinariya. Wani mai zane, William Hoare, ya zana hotonsa, kuma Ayuba ya nace sai da tufafin ƙasarsu za a zana shi. Hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta sayi wannan hoton a 2009.

A watan Agusta na 1734 ya sauka a Gambiya. Kafin ya kai gida labari ya iske shi cewa mahaifinsa ya rasu, ɗaya daga cikin matansa biyu kuma ta yi wani aure, don an ɗauka ya tafi ke nan. Bai riƙe ta a zuciya ba. Bai kuma manta da Lamin ba, ya yi ta aika saƙo Ingila har aka fanso shi daga Merilan ya dawo a 1738. Ayuba ya rasu a 1773, shekarar da mutanen Bostan suka zubar da ganyen shayin Ingila a teku don ƙin haraji, shekara uku kafin shelar 'yancin kai.

Yanzu bari mu koma ga batun da na ce a riƙe. Ayuba bayi ya je sayarwa aka sayar da shi. Ya ɗanɗani ankwa da cikin jirgi da gonar taba, amma duk da haka da ya sauka a Gambiya ya sayi baiwa da dawakai da kayan da aka ba shi kyauta, ya kuma yi hulɗa da kamfanin nan mai fataucin bayi. Wannan shi ne ya sa nake ganin rayuwarsa madubi ce ta ƙasar da aka kai shi. Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar shelar 1776 mai cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki ɗaruruwan bayi, haka ma Washington. A ƙidayar 1790, cikin mutum kusan miliyan huɗu, wajen 700,000 bayi ne, kuma sai a 1865, bayan yaƙin basasa, aka haramta bauta a Amurka baki ɗaya. Kowa ya san zafin igiya a wuyansa, amma ba kowa ke jin ta wuyan maƙwabcinsa ba. Mu ma ba mu da bakin yi wa kowa gori, don ƙasar Hausa ta yi rinji da cucanawa.

Ba na faɗin haka don in rage wa Ayuba daraja. Mutum ne mai riƙon addini, mai haƙuri, mai cika alkawari, kuma alƙalami ne ya fid da shi daga inda dubbai suka shiga ba su fito ba. Sauran waɗanda aka loda a jirgi tare da shi, ban da Lamin, ko sunansu ba a riƙe ba. Mu da muka sami karatun allo da na boko, yawancinmu wannan alƙalamin ne ya fid da mu daga wahala. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne, yaran da muka baro a Yashe da Kusada da Kankiya, masu talla da masu bara a tasha, wa zai karanta tasu wasiƙar?

Allah Ya jiƙan Malam Ayuba, amin.