Maria Montessori, Likitar da ta Koyar da Karatu

An haifi Maria Montessori a ƙasar Italiya cikin shekarar 1870. Ta zama likita a 1896, amma hankalinta ya koma kan yara ƙanana. A 1907 ta buɗe wa 'ya'yan talakawa makaranta a birnin Roma. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, ta manna su a kan alluna. Yaro yakan bi harafi da yatsa, yana faɗin sautinsa. Da haka 'yan shekara huɗu suka soma rubutu, karatu kuwa ya biyo baya, ba bulala, ba tsawa. Ta rasu a ƙasar Holan a 1952.

To, mu da za mu riƙe aji ɗaya, in babu irin takardar nan, ai ga yashi a ƙofar makaranta.