Abebe Bikila, Gwarzon Gudun Fanfalaki

Samarin Ouidi masu fita gudun asuba da niyyar shiga tseren fanfalaki na farko, ga tarihin wanda ya riga ku.

An haifi Abebe Bikila a ƙauyen Jato na ƙasar Habasha ranar 7 ga Agusta, 1932. Yana cikin dogaran Sarki Haile Selassie lokacin da Onni Niskanen, mai horarwa ɗan ƙasar Suwidin, ya gano shi, ya shiga ba shi horo a tuddan Addis Ababa.

A wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, sabon takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, sai ya yi gudun ba takalmi. Ya cinye kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik.

A 1964 an yi masa tiyata a ciki, makonni biyar kafin tseren Tokyo. Ya warware, ya sake cin zinare. Amma a Meziko a 1968 ya shiga tsere da tsagewar ƙashi a ƙafa, dole ya janye tun bai kai rabin hanya ba. Ciwon da bai warke ba ko gwarzo kayar da shi yake yi.

Hatsarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969. Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.