Imamu Maliku, malamin da ba ya son gardama

Ɗan uwa mai karatu, kana jin ana cewa yawancin mutanen ƙasarmu mabiya Malikiyya ne. Littattafan da ake karantawa a zaure, kamar Ahalari da Ishmawi da Risala, duk bisa hanyar Imamu Maliku aka rubuta su. To, wane ne shi?

Sunansa Maliku ɗan Anas. An haife shi a birnin Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira, wato 711 ta Miladiyya. Tun yana yaro ya hardace Alƙur'ani. Ran da zai fara ɗaukar karatun ilimi, mahaifiyarsa ta sa masa tufafi, ta naɗa masa rawani, ta aike shi wurin wani babban malami mai suna Rabi'a. Ta gargaɗe shi da ya koyi ladabin malamin tukuna, sannan iliminsa.

Maliku ya riƙe wannan gargaɗi. Ya yi shekara 7 yana zama gaban Ibnu Hurmuzu. Ya yi karatu wurin Nafi'u, wanda ya daɗe yana yi wa Abdullahi ɗan Umar hidima, da kuma wurin Zuhuri. Ya yi saurare mai yawa kafin ya buɗe baki. Bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida cewa ya isa.

Amma fa ba kowa yake saurare ba. Ya tarar da mutane kamar 70 cikin masallacin Annabi (SAW) suna ruwaito hadisi. Mutanen kirki ne, ko baitulmali aka ba su tsaro ba za su ci amana ba. Duk da haka bai karɓi komai daga gare su ba, don ya ga ba su ƙware ga wannan aiki ba. Ka gani, mutum na iya zama mai gaskiya, amma bai kiyaye abin da yake faɗi ba.

Da ya zama babban malami, mutane na tasowa daga Masar, da Iraƙi, da Ƙairawan, har daga Andalus, su zo su tambaye shi. An ruwaito cewa wata rana an yi masa tambaya 48. Cikin 32 ya nuna bai sani ba. Bai ji kunya ba, don ya san za a tsai da shi gaban Allah bisa kowace amsa.

Gardama kuwa, ba ya ko kusantarta. Wata rana yana fitowa daga masallaci, wani mutum ya bi shi, yana son su yi jayayya bisa addini, wanda aka kayar ya bi wanda ya yi rinjaye. Maliku ya tambaye shi yadda za a yi in na uku ya zo ya kayar da su duka biyu. Mutumin ya amsa cewa sai su bi shi. Nan Maliku ya nuna masa cewa mai maida addininsa abin jayayya ba ya zama wuri guda, kullum cikin ƙaura yake. Ya bar shi nan, ya yi tafiyarsa. A ganin Maliku, jayayya na busar da zuciya, tana haifar da gaba. Wanda ya san sunna ya faɗe ta. In an karɓa, madalla. In ba a karɓa ba, ya yi shiru.

Kada ka ɗauka tsoro ne ya sa shi haka. A lokacin, masu mulki na tilasta wa mutane yin mubaya'a, har da rantsuwar sakin matansu. Maliku kuwa yana karantar da cewa sakin da aka yi bisa tilas bai saku ba. Aka ce ya daina, ya ƙi. Wajen shekara ta 147 bayan Hijira, gwamnan Madina, Ja'afar ɗan Sulaimanu, ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Bai janye maganarsa ba, kuma daga baya ya yafe wa wanda ya sa aka buge shi.

Ga wani abu kuma. Maliku ya wallafa littafinsa Muwaɗɗa, ya yi shekaru yana gyara shi. An ruwaito cewa Halifa Mansur ya so ya tilasta wa dukkan Musulmi aiki da shi kaɗai. Wani malamin da sai ya yi murna. Maliku ya hana. Dalilinsa shi ne sahabbai sun warwatsu cikin ƙasashe, kowace ƙasa ta samu rabonta na ilimi, bai kamata a matsa wa mutane ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Madina cikin shekara ta 179 bayan Hijira, wato 795. Aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Cikin almajiransa har da Imamu Shafi'i, wanda ya saɓa masa a wasu mas'aloli, amma bai daina girmama shi ba.

To ɗan uwa, dubi halinmu. A fada, a kasuwa, a ƙofar masallaci, sau nawa ƴan uwa ke ɓatawa saboda saki ko riƙe hannu cikin salla? Wasu har gaisuwa ta yanke, har zumunci ya lalace. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa. In ka ji wata magana a rediyo ko cikin waya, tambayi kanka: wa ya faɗe ta, kuma daga wa ya ji? In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. In ka ga mai magana rinjaye yake nema, ba gaskiya ba, yi masa sallama ka kama gabanka.

Allah ya jiƙan Imamu Maliku, ya ba mu ikon koyi da shi. Amin.