Tarihin Magabata: Imamu Gazali, Hujjatul Islam

'Yan'uwa, wannan Juma'a za mu waiwayi rayuwar Abu Hamid Muhammadu Al-Gazali, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Iran ta yau, a shekarar 450 bayan Hijira (1058). Tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya tashi maraya tare da ɗan'uwansa Ahmadu.

Ya fita neman ilimi zuwa Jurjan. Ana ba da labarin cewa a hanyarsa ta komawa gida 'yan fashi suka tare shi, suka ƙwace har da takardun karatunsa. Da ya roƙa a mayar masa, shugabansu ya yi masa dariya, wai wane irin ilimi ne wannan da ɓarawo zai iya raba mutum da shi. Maganar ta shige shi, ya zauna ya haddace abin da ya rubuta. Daga nan ya tafi Naisabur wajen Imamul Haramaini Al-Juwaini.

A 484 (1091) waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai wajen 300 suke zama gabansa. Ƙa'idarsa ita ce, ba a yi wa ilimi raddi sai an fahimce shi sosai. Don haka sai da ya karanci falsafar su Ibn Sina da Farabi, ya bayyana ta a Maƙasidul Falasifa, sannan ya warware kurakuranta a Tahafutul Falasifa.

Ana cikin haka, a 488 (1095), ya binciki zuciyarsa, ya tarar suna da girma yake nema, ba yardar Allah ba. Damuwa ta kama shi har harshensa ya kasa ba da karatu. Ya ajiye kujerar, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus, ya yi Hajji. A wannan lokacin ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, wanda a ciki akwai babi guda kan ladubban neman abinci da ciniki. Sai da niyya ta gyaru ya koma koyarwa a Naisabur. Ya rasu a Ɗus a 505 (1111).

To, mu da muka baro gida neman halal, muna sa yara makaranta, mu tambayi kanmu: karatun nan ya shiga ƙirji, kuma yana bin mu har bakin mudu da sikeli? Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.